Gas Ba Ya Ƙarewa: Neman Mai Gyaran Firji Na Amana a Kura da Bunkure

Daga tsakiyar Maris zuwa saukar ruwan fari, wanda ya baro Kano ta hanyar Zariya, ya wuce Karfi ya doshi Kura, idonsa zai ƙoshi da ruwa da kore. Ruwan Tiga na gudu a magudanan siminti, masu yankan alkama sun duƙufa, kwandunan tumatur sun yi jerin gwano a bakin titi. Jikinsa kuwa ba ya samun komai daga wannan ni'ima, don da tsakar rana zafi kan haura digiri 40, iskar da ke kaɗowa ma mai ƙuna ce. A irin wannan lokaci ƙanƙara kan zama haja mai daraja. Azumin 2024 da na 2025 duk a cikin Maris suka kama, kuma kowa ya ga yadda yara ke cincirindo bayan la'asar a ƙofar duk gidan da aka ji firizarsa na aiki.

Firizar nan ga mutane da yawa jari ce. Akwai matar da ta kwashi adashinta ta saya, tana ƙulla zoɓo da kunun aya da lamurje, da cinikin take yi wa 'ya'yanta kuɗin makarantar allo da na boko. Akwai mai kyamis da ke ajiye allurar masu ciwon suga, wadda ba ta son sanyin da ya gaza digiri 2 ko ɗumin da ya wuce 8. Akwai mai kifi, da mai fura da nono, da mai shagon lemo a tasha. Ranar da injin ɗayansu ya yi shiru, kafin magariba asara ta fara, kuma mutum cikin ruɗewa duk wanda aka nuna masa da sunan mai gyara shi zai kira.

Asalin wannan arziki sananne ne. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, aka janyo ruwanta zuwa filayen Kadawa. Shirin noman rani na Kogin Kano, wanda ke hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976, an tsara kashinsa na farko ya ci hekta kusan 22,000 a ƙasashen Kura da Garun Malam da Bunkure. Inda ake noma sau biyu ko uku a shekara kuɗi ba ya yanke wa mutane, kuma kuɗin shinkafa da tumatur ne ya shigo da firji cikin kayan ɗakin amarya, ya rataye fanka a zaure, ya kafa na'urar sanyaya ɗaki, wato esi, a masallatan Juma'a da gidajen masu injin casar shinkafa.

Wuta ce ba ta biyo ruwa ba. A tsarin da ake raba ta da shi yanzu, 'yan rukunin farko ne aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana, na ƙarshe awa 4, kuma ƙauye ba kasafai yake samun kansa a sahun gaba ba. In ta zo, sau da yawa rabi take zuwa, ƙwai ya yi ja, fanka ta riƙa juyi da ƙyar. A ƙarshen Oktoban 2024 ma Arewa kusan gaba ɗaya ta yi fiye da mako cikin duhu bayan manyan layukan da ke kawo mata wuta sun samu matsala. Janareta kuma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 ya zama na masu hali. Injin da aka ƙera don tsayayyiyar wuta mai ƙarfin 230, a nan yana rayuwa ne tsakanin rabin wuta da janareta da ƙura. Dole ya riƙa ciwo, dole a riƙa neman mai duba shi.

A Amurka, doka ta hana mutum ya taɓa gas ɗin na'urar sanyi sai yana da shaidar hukumar kare muhalli. A Ingila, mai gyaran tukunyar ɗumama gida ta gas dole sunansa ya kasance a rajista, kuma mai gida na da ikon ya ce a nuna masa kati kafin a kunce ko ƙusa ɗaya. A Kura ko Bunkure, kamfanin gyara shi ne mutum ɗaya a kan babur, da jakar kayan aiki a tanki, da tulun gas ɗaure a baya, da yaro a tsakiya. Cikinsu akwai gwanaye na ƙwarai, masu tsoron Allah, waɗanda suka shekara da shekaru a gaban ubangida. Akwai kuma wanda ya yi 'yan watanni yana miƙa wa wani sifana, ya ga ai shi ma ya iya. Jaka iri ɗaya suke ratayawa. Bambancinsu sai a wajen aiki yake fitowa, kuma mai kaya zai iya gane shi in ya san abin da zai kalla.

Maganar gas

Abu na farko da ya kamata kowane mai firji ya riƙe shi ne gas ba ya ƙarewa. Ba fetur ba ne da injin ban-ruwa ke sha ya ƙone, da safe a ƙara masa. Zagaye yake yi a cikin rufaffen bututu: kwamfreso ya matse shi, ya bi ragar baya ya saki zafi ya koma ruwa, ya wuce ta wani siririn bututu ya shiga cikin akwatin, a can ya sake zama iska yana kwashe ɗumin abin da aka ajiye, ya dawo wa kwamfreso. Firji zai iya shekara goma sha biyar da gas ɗin da aka zuba masa a masana'anta. In ya ragu, to akwai ƙofar da ya bi ya fita. Ko tsatsa ta ci bututu, ko walda ta saki, ko kuma, kamar yadda ya fi yawa a gidajenmu, wani ya sa wuƙa yana ɓamɓarar ƙanƙara ya huda bangon ciki.

Saboda haka wanda ya zo, ya ɗora tafin hannu a bayan firji, ya kara kunne, ya ce, "Hajiya, gas ne ya ƙare, a kawo kuɗi a ƙara," bai ce komai ba tukuna. Zai ƙara, firji zai yi sanyi, a yi masa godiya har da ruwan sha. Bayan mako biyu ko wata guda sanyi ya gudu, a sake kiransa, a sake biya. Wasu ba da mugun nufi suke yi ba, iyakar abin da aka koya musu ke nan. Amma ga mai zoɓo sakamakon ɗaya ne.

Aikin gwani kuwa abin kallo ne, kuma yana cin lokaci. Zai ɗaura gejinsa mai agogo biyu, shuɗi da ja. Zai cusa wa bututun iska mai ƙarfi, wanda ya fi ƙwarewa naitirojin yake sawa, sannan ya kaɗa ruwan omo a kofi ya riƙa shafa kumfa a kowace gaɓa da soso, yana duƙe, yana bin bututun taƙi da taƙi. Inda kumfa ta fara kumbura tana fashewa, nan ɓarnar take, kuma zai kira mai kaya ya gani da idonsa. Ya yi walda. Ya yanke ɗan ƙaramin matacin nan na tagulla da ke tsotse danshi ya sa sabo, don tsohon ya riga ya sha iska. Ya haɗa injin zuƙe iska ya bar shi yana aiki, ba gaggawa, har cikin bututun ya zama babu iska babu laima. Daga nan ne zai zuba gas, daidai giram ɗin da aka rubuta, ya zauna ya jira ya ga injin ya yi sanyi ya yanke da kansa ya sake tashi. In huda tana cikin bango inda hannu ba ya kaiwa, zai faɗa tun kafin a kashe kuɗi, a zaɓa tsakanin shimfiɗa sabon bututu da haƙura da firjin.

Wurin da aka fi tsallakewa shi ne zuƙe iskar nan, don injinta na da tsada, kuma rashinta ba ya nunawa a ranar. Laimar da aka bari a ciki ita ce za ta daskare ta toshe siririn bututu, ta gurɓata man kwamfreso, ta kashe shi bayan watanni, lokacin da babu mai tuna wanda ya yi aikin. Ni a ganina, tambaya ɗaya ta isa a fara tace masu gyara da ita: "Malam, da me kake zuƙe iska?" Wanda ke da amsa zai ji daɗin tambayar.

Sai kuma nau'in gas. A jikin kowane firji akwai 'yar takarda ko faranti da aka rubuta irin gas ɗinsa da nauyinsa, galibi a ciki ta gefe ko a jikin kwamfreso. Tsofaffin firji na da R12, wanda aka daina yi saboda yarjejeniyar Montreal ta 1987 kan kare rufin sararin samaniya. Bayansa aka zo da R134a. Yawancin sababbi yanzu R600a ne, wanda ɗan kaɗan ake sawa, amma yana kama wuta. A wajen esi, R22 na kan hanyar fita, R410A da R32 sun maye gurbinsa, kuma matsinsu ya fi nasa nesa ba kusa ba. Kowanne da irin kwamfresonsa da irin mansa. Mai gyaran da ke yawo da tulu ɗaya yana ɗura wa kowa daga ciki, yana rage wa injuna kwana. Wanda kuma zai kunna wutar walda a kan firji mai R600a a cikin ɗaki, bai fitar da gas ɗin ba, bai buɗe taga ba, da rayukan mutanen gidan yake wasa. Gas ɗin girki ma kada a yarda ya shiga firji ko da wane suna aka kawo shi. Gobarar firji ba tatsuniya ba ce: wutar da ta ci benen Grenfell a Landan cikin Yunin 2017, ta kashe mutum 72, daga firjin wani ɗaki ta tashi.

A wannan farantin akwai wani harafi da mutane ba su cika lura da shi ba, kuma shi ne sirrin yawancin firjin 'yan Kwatano. Masu ƙera firji sukan rubuta iyakar zafin da zai iya jurewa. Mai N ko SN iyakarsa digiri 32. Mai ST ya kai 38. Mai T ne kaɗai aka yi wa alƙawarin 43. Firjin da aka ƙera don ɗakin girki a Jamus, aka yi amfani da shi shekaru, aka tsallako da shi duk da cewa kwastan sun sa tsofaffin firji da esi da kwamfreso cikin kayan da aka hana shigowa da su, in aka kai shi shagon kwano a Bunkure cikin Afrilu zai yini yana gunji bai yanke ba. Lafiyarsa ƙalau, ƙasar ce ba tasa ba. Mai gyara na gaskiya zai ce a matsar da shi daga jikin bango, a raba shi da rana, a rage buɗe shi, kuma ba zai karɓi kuɗin gas ba.

Hukuncin kisa a kan kwamfreso

Magana ta biyu mai cin kuɗi ita ce, "Kwamfreso ya mutu." Shi ne mafi tsada a jikin injin, don haka bai kamata a yanke masa hukunci da kunne ba. Sau da yawa abin da ya hana shi tashi ƙaramin abu ne da ke maƙale a gefensa: rile, ko kafasita, ko 'yar na'urar da ke yanke wuta in ya yi zafi. Wani lokaci tamostat ne, wani lokaci robar ƙofa ce ta saki, wani lokaci kuma wutar gidan ce ba ta kai ta tashe shi ba, sai ya yi ƙugi ya yi ƙas ya tsaya.

Na ga wannan a gidan wata gwaggona. Firizarta ta daina sanyi ana tsakiyar zafi, aka kira wani ya ce kwamfreso ne, ya kira kuɗin da sai ta sayar da tunkiya. Maƙwabcinta mai sayar da ƙanƙara ya ce a dakata, ya turo wanda ke yi masa aiki. Dattijo ne mai 'yar furfura. Bai taɓa firizar ba sai da ya fara soka mitarsa a soket ɗin bango, ya nuna mana lambar, ta yi ƙasa ƙwarai. Ya kunce murfin gefen kwamfreso, ya auna ƙafafunsa uku bi da bi, ya zaro rilen ya girgiza shi kusa da kunnen gwaggo, aka ji yana ƙaras-ƙaras, cikinsa ya farfashe. Ya sa sabo, ya ce a tayar da janaretan maƙwabci a gwada. Firiza ta tashi. Ya miƙa mata tsohon rilen a hannu, ya ce ta sayi sitabilaiza mai jinkiri kafin ta sayi komai.

Jinkirin nan yana da dalili. In aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, matsin da ke cikin bututu bai sauka ba, kwamfreso zai yi ta kokawar tashi yana jan wuta mai yawa har wayoyinsa su gasu. Minti uku zuwa biyar na hutu yake buƙata. Haka in an ɗauko firji a kwance a bayan a-kori-kura, a bar shi a tsaye wasu awanni man ya koma mazauninsa kafin a kunna.

In kuma ya tabbata kwamfreson ne, nan wata ƙofar cuta take. Akwai sabo, akwai ɗan Kwatano, akwai wanda aka yanka aka sake naɗa wa waya aka liƙe aka fesa wa baƙin fenti. Kowanne da kuɗinsa, kuma babu laifi talaka ya sayi na hannu in ya san na hannu ne. Laifin shi ne a karɓi kuɗin sabo a sa tsoho. Mafi sauƙi, mai kaya ko ɗansa ya bi mai gyara zuwa Sabon Gari a Kano, tafiyar kilomita 30 da 'yan kai ce daga Kura, a saya a gabansa, a karɓi rasit, a dubi lambar jikinsa ta dace da ta tsohon. Tsohon kuma na mai kaya ne, tagullar cikinsa kuɗi ce.

Esi na da nata fitintinun, amma zan taƙaita don masu ita ba su da yawa a nan. Mai doki ɗaya ba za ta sanyaya falon da ke buƙatar mai doki biyu ba, ko wa ya kafa ta. Mai kafawa ya kamata ya auna ɗaki, ya dubi rufi da inda rana ke faɗuwa, ya tambayi ƙarfin janareta. A lura da bututun da zai sa, don akwai alminiyam da ake rufe wa fuska da ruwan tagulla. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayin shinkafa kan toshe ragar waje, kuma yawancin esin da aka ce ba ta sanyi wanki kawai take nema. In sabuwa ce mai garanti, irin su LG da Hisense da Thermocool, a fara kiran dillalin da ya sayar, don da zarar wani hannu ya buɗe ta garanti ya faɗi. Wanda ba shi da ƙarfin esi kuma, na'urar nan mai ruwa da fanka tana aiki sosai a busasshen zafin bazara, sai damina ta shigo amfaninta ya ragu. Hikimar ɗaya ce da ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ya samu kyautar Rolex a 2000.

Sola ta kawo sabon rikici. Tun da mai ya yi tsada, mutane suka koma firiza mai aiki da hasken rana, kuma yanzu sana'a biyu ke haɗuwa a kan inji ɗaya. Sanyi ya ragu, mai sola ya ce firiza ce, mai firji ya ce batir ne, mai kaya na tsakiya yana biyan kowa. Waɗannan injuna da ƙwaƙwalwar lantarki suke aiki, kuma wanda ya saba da firjin wutar gwamnati kaɗai zai iya ƙone ta da gwaji. A haɗa mai sola da mai firji a rana ɗaya, kowa ya auna nasa a gaban ɗan'uwansa. Wannan giɓi na ƙarancin masu iya gyaran injin sola zai ƙara faɗi. Tumatur ɗin yankin nan har yau daga gona sai Kwanar Gafan sai bayan tirela, ko a yanka a shanya, kuma masana'antar Dangote ta Kadawa da aka buɗe a 2016 don sarrafa tan 1,200 a rana ta sha tsayawa tana tashi. Kowa na kiran a kafa ɗakunan sanyi masu sola, irin waɗanda kamfanin ColdHubs ya fara a Owerri a 2015. Ina goyon bayan kiran, amma duk ɗakin sanyin da aka kafa ba a koya wa 'yan garin gyaransa ba, ranar da ya tsaya ya zama sito.

Wa za a tambaya?

Takarda tana da amfani. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya na ba da shaidar gwajin sana'a mai mataki uku, hukumar NABTEB na yi wa ɗaliban makarantun fasaha jarrabawa, masu wannan sana'a kuma suna da ƙungiyarsu ta ƙasa, NARAP. Wanda ya nuna ɗaya daga ciki ya ƙara wa kansa daraja, musamman in aikin asibiti ne ko masallaci ko makaranta, inda kuɗin jama'a za a kashe. Sai dai gwanaye da yawa a karkara ba su da ko ɗaya. Shaidarsu ita ce wanda ya koya musu. A tambayi mutum a wajen wa ya yi koyo, shekara nawa, kuma ko sun rabu lafiya. Wanda aka yaye da addu'a ba ya ɓoye sunan ubangidansa.

Sannan a san inda yake kwana. Mai shago a gari, wanda ake haɗuwa da shi a sahun sallah da wajen jana'iza, yana da abin da zai rasa in ya ci amana. Mai lambar waya kaɗai ba shi da shi. Wajen neman shawara kuma, a wuce abokin hira a je wa wanda abincinsa ya rataya a kan sanyi: mai injin ƙanƙara, mai kifi, ma'aikacin da ke kula da firjin allurar rigakafi a asibitin sha-ka-tafi. Waɗannan sun gwada masu gyara da yawa, sun biya kuɗin gwajin da aljihunsu. Tambayar da ta fi amfani ita ce ko mutumin ya dawo da aka sake kiransa a kan aikin da ya riga ya karɓi kuɗinsa.

Ɗumi ma sana'a ce, ko da yake ba mu ɗauke ta haka ba. Daga Disamba zuwa Janairu sanyin dare a bakin ruwa yakan shiga ƙashi, masu kwana a gona suna ban-ruwa sun fi kowa sani. Abin ɗumamarmu kaskon garwashi ne da hitar ruwa, kuma su biyun kowace shekara suna cin rayuka. Garwashi a rufaffen ɗaki na fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mutum ya kwanta barci ya zarce. Hitar da aka manta a bokitin roba aka ɗauke wuta, in ta dawo da tsakar dare ita ce gobara. Mai kafa tankin ruwan zafi a banɗaki dole ya sa masa wayar ƙasa da bawul ɗin rage matsi, in ya ce ba dole ba ne a sallame shi. Masu kiwon kaji su ne suka fi sanin darajar ɗumi mai awo: ɗan tsako a makonsa na farko yana son digiri 32 zuwa 35, injin ƙyanƙyasa kuma 37.5 yake riƙewa har kwana 21. In mai gyara ya saita tamostat da ƙiyasi, ba tare da ya sa wani ma'aunin a ciki ya gwada ba, sai ranar ƙyanƙyasa za a san abin da ya yi.

Kunya da amana

Abin da ya fi cutar da mu a wannan harka kunya ce. Mai gyara ɗan maƙwabci ne, ko ƙanen matar wa, sai a ji nauyin tambayarsa nawa ne kafin ya fara, a ce, "Kai dai yi, ba za mu ɓata ba." A ƙarshe kuwa a ɓata. Abin ya fi tsanani ga mata, waɗanda su ne masu yawancin firizojin. Mai kayan tana cikin gida, cinikin yana zaure tsakanin maigida da mai gyara, ko an ɗora injin a kura an aika yaro da shi. Ba ta ga abin da aka cire ba, ba ta ji abin da aka ce ba, ita ce kuma za ta biya. Haƙƙinta ne a gaya mata abin da ya lalace, a raba mata kuɗin kaya da kuɗin aiki, a kawo mata tsohon da aka cire, a sa wa'adin da in ciwon ya dawo za a sake dubawa ba tare da sabon kuɗin aiki ba. A rubuta ko a bayan kwali ne, ko a yi a gaban mutum biyu. Kafin alƙalami kuma kada ya wuce kuɗin kayan da za a sayo.

Wannan ba baƙon tsari ba ne. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, har cikin Risala, mai sana'ar da ya karɓi kayan mutane ya tafi da su wurinsa shi ke da lamuninsu in sun salwanta ko sun lalace, sai in ya kawo shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne. Malamai sun yi haka ne don kare dukiyar jama'a, tun ana maganar maɗinka da marina da maƙera. Firizar da ta kwana a shago ta shiga wannan hukunci. In rigima ta taso akwai shugaban masu sana'ar, akwai mai unguwa da dagaci, akwai Hisba, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta Jihar Kano, kafin a kai ga alƙali.

Adalci ne kuma a faɗi ɓangaren masu gyara. Duk shagon da ka leƙa za ka ga firji jere a ƙofa, rana na duka, ƙura ta rufe su. Da yawansu an gama gyaransu tuntuni, masu su ne ba su zo ba, sai an sayar da shinkafa. Mutum ya sa kuɗinsa ya sayo kaya, ya ɓata yini yana bin huda da kumfa, in ya faɗi kuɗin aiki a ce ai wancan rabin haka yake karɓa, alhali wancan gas kawai zai ɗura ya tafi. Wanda ya zo ya auna ya ce babu abin da ya lalace, a matsar da firji daga bango kawai, sau da yawa ko kuɗin man babur ba a ba shi, don a ganin mai gida bai yi komai ba. Injin zuƙe iska da sikeli da geji mai kyau kuɗi ne, kuma daga kuɗin aiki za su fito. Shi ya sa yaran da suka ƙware suke tattara kayansu su koma Kano, inda otal-otal da asibitoci da bankuna ke biya a kan lokaci. In an buƙaci irinsu a ƙauyuka irin su Kumurya ko Barkum, sai a kira su daga birni, a biya kuɗin mota zuwa da dawowa a kan kuɗin aiki, a kuma jira ranar da suka samu sarari.